Daga Jin Daɗi Zuwa Kwanciyar Hankali

Duk wanda ya zauna ya yi nazarin yadda Hausawa suke magana a kan abin da rai yake so zai lura cewa harshen bai tattara al'amarin cikin kalma ɗaya ba, ya kasa shi kashi biyu ne, kuma kowane kashi yana da kalmominsa da irin jimlolin da suke shiga. A kashi na farko akwai daɗi da murna da nishaɗi da annashuwa da farin ciki, waɗanda dukansu suke zuwa saboda wani dalili sananne, kamar haihuwa ko aure ko cin jarrabawa ko dawowar matafiyi, suke kuma tafiya idan dalilin ya tsufa. A kashi na biyu akwai lafiya da rufin asiri da wadar zuci da kwanciyar hankali, waɗanda ba a yi musu biki, ba a kuma buga musu ganga, amma su ne mutum yake roƙo a addu'arsa ta asuba, su ne kuma dattijo yake ambata idan zai sa wa yaro albarka. Yawancin wahalar da mutane suke sha wajen neman daɗin duniya tana tasowa ne daga cakuɗa waɗannan kashi biyu, inda ake zaton cewa tara na farko da yawa shi zai haifar da na biyu, alhali kuwa tushensu daban ne, hanyar samunsu ma daban ce.

Daɗi abu ne da ake ji, kuma kalmar "ji" a Hausa ita ce ta kunne da harshe da hanci da fata, shi ya sa ake jin daɗin miya, ake jin daɗin kiɗa, ake jin daɗin inuwa a tsakiyar bazara. Tun da yake daɗi yana rataye ne a gaɓoɓin jiki, to ƙarfinsa yakan ragu da maimaitawa, domin lomar farko ta mai jin yunwa ba ɗaya take da ta goma ba, ko da kuwa daga kwano ɗaya aka yanko su. Farin ciki ya fi daɗi zurfi, saboda ciki a tunanin Bahaushe shi ne ma'ajiyar abin da ido ba ya gani, kamar yadda ake kiran mutumin da ba ya bayyana damuwarsa mai zurfin ciki. To idan aka ce cikin ya yi fari, ana nufin haske ya shiga can inda mutum yake ɓoye ainihin halin da yake ciki. Duk da wannan zurfi, farin ciki bai rabu da dalili ba, domin idan aka ga mutum yana ta fara'a akan tambaye shi ko me ya samu, wato an riga an ɗauka cewa wani abu ne ya zo masa daga waje. Ta wannan fuska farin ciki baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne, ana karɓarsa da murna amma ba a gina gida a kan zamansa.

Masana halayyar ɗan Adam sun tabbatar da wannan ta hanyar bincike. A shekarar 1978 Philip Brickman da abokan aikinsa biyu sun wallafa nazarin da suka yi a Amurka a kan mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar tikiti, suka kwatanta su da wasu da ke zaune a yankunansu waɗanda ba su ci komai ba, sai suka tarar cewa bambancin farin cikin da ɓangarorin biyu suka bayyana bai taka kara ya karya ba, har ma masu kuɗin sun ragu wajen jin daɗin ƙananan al'amuran yau da kullum, irin su hira da aboki ko karin kumallo. Abin da ya jawo haka shi ne sabo, wato ɗabi'ar rai ta mayar da duk wani sabon abu tsoho bayan ɗan lokaci, ta yadda gidan da jiya ake mafarkinsa yau zai koma wurin kwana kawai, motar da aka yi wa walima kuma ta koma abin hawa da ake ƙorafin man da take sha. Sabo rahama ne ta wani ɓangaren, domin shi yake sa mai rashi ya iya ci gaba da rayuwa bayan makoki, sai dai shi ne kuma yake hana dukiya ta riƙe wa mai ita farin cikin ranar da ta zo.

Akwai dalili na biyu da yake rage ƙarkon farin ciki, kuma harshen Hausa ya ajiye shi a cikin kishiyar kalmar. Baƙin ciki yana nufin ɓacin ran da mutum yake ji idan ya yi rashi, amma idan aka ce wane yana baƙin ciki da wane, ko aka kira mutum ɗan baƙin ciki, to hassada ake nufi, wato ƙyashin alherin da ya sami wani. Haɗa waɗannan ma'anoni biyu a kalma ɗaya yana nuna fahimtar cewa mutum yakan iya jin zafin samun wani kamar yadda yake jin zafin rashinsa, ko da kuwa ba a taɓa masa ko ƙwayar gero ba. Masanin tattalin arziki Richard Easterlin ya nuna a shekarar 1974 cewa a cikin ƙasa ɗaya masu wadata sun fi matalauta bayyana farin ciki, amma ƙaruwar dukiyar Amurka cikin shekaru masu yawa ba ta ɗaga matsakaicin farin cikin jama'arta ba. Kuma ko da yake masana suna ta muhawara a kan wannan har yau, bayanin da aka fi bayarwa shi ne cewa mutum yana auna abin hannunsa ne da na maƙwabcinsa. A da, maƙwabtan da mutum yake kwatanta kansa da su ba su wuce na unguwarsu ba, amma yanzu wayar hannu ta mayar da attajiran duniya duka maƙwabtansa, yana ganin bukukuwansu da tufafinsu a Facebook da TikTok ba tare da ya ga bashinsu ko rashin barcinsu ba.

Idan aka koma kashi na biyu, kalmar da ta fi tattara ma'anarsa ita ce kwanciyar hankali. Hankali a Hausa abu ne mai motsi, yakan tashi, yakan kwanta, yakan rabu biyu, yakan gushe, yakan kuma dawo jiki. Kwanciyarsa kuwa ita ce yanayin da mutum ba ya fargabar abin da gobe za ta kawo, ba ya kuma cizon yatsa a kan abin da jiya ta tafi da shi. Mai kwanciyar hankali yana iya yin baƙin ciki idan ya yi rashi, yana iya yin fushi idan an zalunce shi, amma waɗannan sukan wuce su bar shi a inda suka same shi. Abin lura a nan shi ne cewa tashin hankali, wanda shi ne kishiyarta, yana nufin damuwar da take hana mutum ɗaya barci, yana kuma nufin tarzomar da take hana gari duka fita kasuwa, kamar yadda ake haɗa zaman lafiya da kwanciyar hankali a addu'ar da ake yi wa ƙasa. Wannan ya nuna cewa Bahaushe bai taɓa ɗaukar natsuwar zuciya a matsayin abin da mutum zai ƙulle ɗaki ya samar wa kansa shi kaɗai ba, domin hankalin mutum da hankalin garinsu tare suke kwanciya, tare kuma suke tashi.

Ginshiƙan da wannan kwanciya take tsayawa a kansu suna nan a jere cikin gaisuwar da ake yi kowace safiya. Idan maƙwabci ya tsaya a ƙofar gidan dattijo ya rusuna ya ce, "Ina kwana, Baba?" za a bi da tambayar gajiya da iyali da aiki da kasuwa, a damina a tambayi ruwa, a hunturu a tambayi sanyi, amsar kuwa kusan kullum tana komawa ga lafiya da godiya. Babu inda ake tambayar mutum ko yana cikin farin ciki, abin da ake bincika shi ne ko jikinsa da mutanensa da hanyar abincinsa suna nan kalau. Lafiya, wadda Hausa ta aro daga Larabci, ta fi rashin ciwo faɗi, domin ana sauka lafiya, ana rabuwa lafiya, ana zaman lafiya, kuma an ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Wannan jeri ya yi daidai da ma'anar hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya nuna cewa aminci a wurin zama da lafiyar jiki da abincin yini, idan suka haɗu wa mutum, tamkar an haɗa masa duniya ne gaba ɗaya.

Ginshiƙi na farko shi ne rufin asiri, wanda ma'anarsa ita ce mutum ya sami abin da zai biya bukatunsa na dole ba tare da ya kai kukansa gaban wani ba. Ana ganinsa a magidancin da yake iya ajiye kuɗin cefane kafin ya fita, ya biya kuɗin makaranta ko da a makare, ya sayi maganin zazzaɓi da dare ba tare da ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba, ya kuma ɗinka wa yara kayan salla ko da na yadi mai araha ne. Wannan matsayi ya yi ƙasa da dukiya, amma ya yi sama da babu, kuma abin da yake karewa shi ne mutunci, domin asirin da ake roƙon a rufa shi ne gazawar da take sa mutum ya sunkuyar da kai a gaban tsaransa. Hausawa ba su taɓa yi wa talauci kirari ba. Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya kuma rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Ghana ta yau a 1934, ya tsara Waƙar Talauci da Wadata, inda ya bayyana yadda jama'a suke wulaƙanta marashi ko da yana da gaskiya, suke kuma girmama mawadaci ko da ba shi da ita. Saboda haka duk bayanin da zai ce abin hannu ba shi da alaƙa da kwanciyar hankali ya saɓa wa abin da mutane suka sani a jikinsu, musamman a Nijeriya, ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133 suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, wato rashin da ya haɗa da na abinci da ilimi da lafiya da muhalli, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke.

Ginshiƙi na biyu shi ne wadar zuci, wadda malamai suke kira ƙana'a, ita ce kuma sanin inda "ya isa" take. Idan rufin asiri ya tsayar da iyakar ƙasa wadda bai kamata mutum ya faɗa ƙarƙashinta ba, to wadar zuci ita take tsayar da iyakar sama, wadda idan babu ita, babu adadin dukiyar da zai kwantar da hankali, domin sabo da kwatance za su ci gaba da matsar da buri gaba duk lokacin da aka kusa cim masa. Shi ya sa ake cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma in da kwaɗayi da wulaƙanci. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, kuma littattafansa suka daɗe ana karanta su a zaurukan malaman ƙasar Hausa, ya yi bayani a littafinsa Kimiya'us Sa'ada cewa kowace gaɓa tana da irin daɗin da aka halicce ta dominsa, ido yana da nasa, kunne yana da nasa, zuciya kuwa nata shi ne sanin Allah, kuma daɗin gaɓoɓi yana ƙarewa da ƙarewar jiki, amma na zuciya yana wanzuwa. Bai kamata a ɗauki wadar zuci a matsayin lalaci ko mutuwar zuciya ba, domin mai ita yana noma yana fatauci yana neman ƙari kamar kowa. Bambancinsa da makwaɗaici shi ne cewa bai ɗage natsuwarsa zuwa ranar da zai sami abin da yake nema ba, bai kuma yarda ya sayar da mutuncinsa ko ya ci haƙƙin wani domin ya same shi ba.

Ginshiƙi na uku shi ne jama'a, kuma kalmar arziki ce ta fi bayyana shi. Ana kiran mai dukiya mai arziki, amma ana kiran yaro mai ladabi ɗan arziki, ana kiran mutanen kirki mutanen arziki, ana yin abin arziki, ana ma rabuwar arziki idan zama ya ƙi, kamar yadda matsiyaci yake nufin wanda ba shi da ko sisi, yake kuma nufin mai mugun hali ko da yana da rumbuna. A tsarin zaman Hausawa na gargajiya an gina hanyoyin da suke mayar da jama'a dukiya ta haƙiƙa. Akwai gayya, inda ake taruwa a nome gonar mutum ɗaya a yini guda. Akwai adashi, inda kowa yake zubi ana kwasa bi da bi. Akwai gudummawar biki tsakanin ƙawaye, wadda Baba ta Karo ta yi bayaninta a tarihin rayuwarta da Mary Smith ta rubuta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954. Akwai kuma ciyayya, inda bayan sallar magariba yara suke fito da kwanonin tuwo daga gida-gida a jera su a kan tabarma a ƙofar wani dattijo, magidanta su kewaye su suna ci daga wannan zuwa wancan, ta yadda wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ranar zai wanke hannu ya ci ya ƙoshi, babu kuma wanda zai ɗaga kai ya ƙirga kwanonin. A irin wannan zama jama'a ce take rufa wa mutum asiri a ranar da ya kasa rufa wa kansa.

Ɗaya daga cikin bincike-binciken da suka fi daɗewa a kan rayuwar manya ya isa ga wannan matsaya ta wata hanya daban. An fara shi a Jami'ar Harvard a 1938 da ɗalibai maza 268, daga baya aka haɗa da samari 456 daga unguwannin marasa galihu na birnin Boston, aka kuma bi rayuwarsu shekaru fiye da 80 ana duba lafiyarsu da aikinsu da zaman iyalinsu. Abin da shugabannin binciken, ciki har da Robert Waldinger, suka fi nanatawa shi ne cewa kyawun dangantakar mutum da na kusa da shi ya fi dukiya da shahara nuna yadda tsufansa zai kasance, kuma waɗanda suka fi gamsuwa da zamansu da mutane a shekara 50 su ne suka fi lafiya a shekara 80. Sai dai dangantaka ba ta tsayuwa da kanta, shi ya sa aka ce zumunci a ƙafa yake, ma'ana sai an taka an je dubiya da ta'aziyya da barka. Wannan ƙafa ita ce zaman birni yake gajartawa a yau, inda katanga take ƙara tsawo, ciyayya take ja da baya, saƙon waya kuma yake maye gurbin sallama a zaure.

Bambancin kashi biyun nan shi ne kuma yake warware wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai game da Nijeriya. A shekarar 2003 mujallar New Scientist ta Ingila ta ba da rahoton wani bincike da aka yi a ƙasashe fiye da 65, wanda ya sa Nijeriya a kan gaba wajen yawan mutanen da suka ce suna cikin farin ciki sosai. Amma a Rahoton Farin Ciki na Duniya na 2024, wanda ƙasar Finland take jan ragamarsa tun 2018, Nijeriya ta zo ta 102 cikin ƙasashe 143. Ban da tazarar shekaru, tambayoyin biyu ba ɗaya ba ne, domin na farko ya tambayi abin da mutum yake ji a ransa, na biyu kuwa ya nemi mutum ya ɗora rayuwarsa gaba ɗaya a kan tsani mai hawa daga 0 zuwa 10. Al'ummar da ta iya raha da biki, wadda kuma tarbiyyarta ta hana majinyaci ya amsa gaisuwa da wani abu ban da "da sauƙi", za ta iya yin fice a tambayar farko, amma idan aka ce ta auna tsaro da abinci da asibiti da adalci sai amsar ta sauya. Fara'ar talaka gaskiya ce, sai dai ba hujja ba ce a kan cewa hankalinsa a kwance yake.

A nan ne ya wajaba a yi hattara da kalmar haƙuri. Haƙuri shi ne juriyar da take hana mutum rushewa a gaban abin da ba shi da ikon sauyawa, kamar mutuwa da fari da tsufa, kuma babu shakka shi ne maganin zaman duniya a irin waɗannan wurare. Amma idan wanda ya riƙe albashin ma'aikaci, ko wanda ya cinye kuɗin maganin asibiti, ko wanda aka ɗora wa tsaron ƙauye ya yi sakaci, shi ne yake cewa a yi haƙuri, to an juya kalmar an mayar da ita mayafin zalunci. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya tattara siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa cikin laccar da aka buga a 1974, ya lissafa guda goma, wato gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci, kuma wannan jeri ya nuna cewa haƙuri ɗaya ne cikin goma, yana tafiya ne tare da amana da adalci. Manomin da ba ya iya zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga, da uwar da take kwana tana sauraren motsin babura, ba wa'azin wadar zuci suka rasa ba, aminci suka rasa, shi kuwa aminci haƙƙi ne da yake wuyan masu mulki.

Saboda haka neman rayuwa mai ɗorewar daɗi aiki ne da ya rabu gida uku, kuma kowane gida yana da mai shi. Wadar zuci tana wuyan mutum shi kansa, domin babu wanda zai koya wa zuciyar wani ta ce ya isa. Zumunci yana wuyan dangi da maƙwabta, waɗanda ya kamata su farfaɗo da dubiya da ciyayya da taimakon juna gwargwadon yadda zaman yau zai ɗauka. Rufin asirin jama'a kuwa, wato tsaro da abinci mai sauƙin saye da asibiti da makaranta, yana wuyan shugabanni da mawadata, kuma ba a sauke shi da rabon shinkafa a lokacin azumi ko na zaɓe. Ya kamata iyaye da malamai su koya wa yara bambancin daɗi da kwanciyar hankali tun suna ƙanana, masu wa'azi kuma su riƙa kiran shugabanni zuwa ga adalci da irin ƙarfin muryar da suke kiran talakawa zuwa ga haƙuri. Al'ummar da ta sauke waɗannan nauyi uku ita ce mutanenta za su kwana da hankali a kwance, ko da dukiyarta ba ta kai ta wasu ba.